Famfon zuƙe iska haɗin gida: inda ake neman laifi idan na'urar sarrafa shi ta rikice

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, firigo kan zama jarin gida guda. Mai sayar da ƙanƙara da mai zoɓo da mai kantin magani duk da shi suka dogara. Idan ya lalace aka kai shi gyara, akwai aikin da mai kaya ba ya gani, alhali shi ke nuna ko gyaran zai daɗe: zuƙe iska da laima daga cikin bututun firigon kafin a zuba masa sabon gaz.

Famfon da aka ƙera domin wannan aiki yana da tsada, shi ya sa wasu masu gyara ke mayar da tsohon kwamfaresan firigo famfo. Matasan da suka taɓa ilimin lantarki kan ƙara masa na'urar da za ta kunna shi ta kashe da kanta. Haɗin bai wuce abu huɗu ba: ƙaramin allon Arduino, ma'aunin matsin iska, rele mai buɗe wa mota wuta, da caja mai ba da bolt 5. Ma'auni ya karanta, allo ya yanke shawara, rele ya aiwatar. Idan abin ya rikice, yawanci allon ake fara zargi, a yi ta sauya umarnin da aka rubuta masa. Sau da yawa kuwa laifin yana wani wuri, kuma kowace matsala tana da alamarta.

Alama ta farko ita ce allon ya mutu ya sake tashi duk lokacin da famfo ya kama. A daidai lokacin tashi, motar kwamfaresa kan ja wuta ninki da yawa na abin da take ci idan ta daidaita, sai ƙarfin wutar ya faɗi na ɗan ƙiftawar ido, allon ya ɗauka an kashe shi. Abin ya fi tsanani a unguwannin da wutar NIGELEC ke zuwa da rauni, ko a shagon da ke aiki da ƙaramin janareta. Gwajin ba wuya: a cire famfon, a sa ƙwan fitila a madadinsa. In na'urar ta yi aiki lafiya da ƙwan, to motar ce ke tada hankalinta. Maganin shi ne a ba allon caja mai kyau tasa ta daban, a sa kondansata mai mikrofarad 1000 kusa da shi, a kuma raba wayoyin ma'auni da wayoyin da ke ɗauke da bolt 220.

Ta biyu ta shafi rele. Ƙafar Arduino Uno ba a so ta ba da fiye da miliamfa 20, ƙaramin rele mai bolt 5 kuwa yana neman kusan 70. Wanda ya haɗa su kai tsaye yana kashe ƙafar a hankali, don haka dole taransista ya shiga tsakani. Bayan haka, naɗin wayar da ke cikin rele kan mayar da wuta mai ƙarfi a duk lokacin da aka yanke masa. Diyod guda, irin 1N4007, da aka gitta a kan naɗin, zanensa na fuskantar ɓangaren wuta mai kyau, shi ke shanye wannan bugun. Rashinsa ko juya shi na daga cikin dalilan ƙonewar taransista.

Ta uku, rele ya riƙa ƙas-ƙas, famfo na kamawa yana saki. A nan kam laifin umarni ne: an ba na'urar iyaka guda, matsin kuma yana ta wasa a bakinta. Ana sa iyaka biyu masu tazara, ɗaya ta kashewa, ɗaya ta kunnawa, a ƙara da jiran minti uku zuwa biyar kafin sake tashi. Abin da ke tada kwamfaresan firigo sai ya huce yake sake aiki; in aka matsa masa, motar za ta yi gurnani kawai tana zafi.

Ta huɗu, famfo ya ƙi tsayawa, ko ya tsaya ya sake kamawa nan da nan. Kafin a taɓa waya, sai a rufe bawul ɗin da ke tsakanin famfo da firigo, a zuba wa ma'auni ido. In matsin ya yi ta hawa bai tsaya ba, akwai yoyo a tiyo ko a mahaɗa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. In ya hau kaɗan ya tsaya, laima ce ta saura a ciki. In kuma ya zauna daram da bawul a rufe, amma ya hau da an buɗe, iskar ta cikin famfon take komowa, yana buƙatar bawul mai hanya ɗaya.

Akwai kuma iyakar da gyaran waya ba ya kawarwa. Matsin iskar duniya kusan kilofaskal 101 ne. Ƙa'idar da masana sanyi ke bi ita ce a sauko da shi zuwa mikron 500, wato kusan faskal 67. Ma'auni irin MPX4115A ba ya karanta ƙasa da kilofaskal 15, fiye da ninki 200 na abin da ake nema. Ko a zafin digiri 40, ruwa ba ya tafasa ya fita sai matsin ya sauka kusan kilofaskal 7. Ke nan na'urar na iya cewa aiki ya kammala alhali laima na nan. Shi ma tsohon kwamfaresa ba ya kaiwa mikron 500. Laimar da ta saura takan daskare a bakin siririn bututun firigon ta toshe shi, ta kuma ɓata man kwamfaresa, musamman a masu gaz R134a. Sakamakon shi ne firigon da ya yi sanyi ranar karɓa ya dawo shago, mai kaya ya yi asarar ciniki, mai gyara ya yi asarar suna.

Batun rai ma yana ciki. Sababbin firigo da yawa suna aiki da R600a, gaz ne mai kama wuta, rele kuma yana tartsatsi. Aikin na buƙatar wuri mai iska, da akwatin da ya rufe rele da wayoyin bolt 220.

Na'urar haɗin gida makaranta ce mai kyau ga yaron shago, tana kuma isa ga ayyukan da ba sa neman zuƙa mai zurfi. Amma ga ƴan uwa mazauna Legas, Abijan ko Faransa da ke son taimaka wa ƙane mai wannan sana'a, kayan da suka fi allon Arduino amfani su ne famfo na gaske mai hawa biyu da ma'aunin mikron. Da su ne mai gyara zai san lokacin da ya dace ya zuba gaz.