Yadda Wayar Android Ke Kwashe Shara Daga RAM Ba Tare Da Bayanai Sun Ɓace Ba

Duk manhajar da ke aiki a wayar Android tana tara dubban ƙananan bayanai a RAM: saƙon da ya shigo, hoton da aka buɗe, maɓallin da aka taɓa. Yawancinsu amfaninsu na ɗan lokaci ne, idan kuma suka taru babu shara, manhajar za ta rasa wuri ta mutu. Tsarin da ke wannan aiki shi masana ke kira mai kwashe shara. John McCarthy ne ya ƙirƙiro shi a wajejen 1959 domin yaren kwamfuta na Lisp.

Kowane bayani yana da adireshi a RAM, kuma wani yakan riƙe adireshin wani. Mai kwashe shara yakan fara daga bayanan da manhaja ke amfani da su kai tsaye, ya bi adireshi bayan adireshi yana sa alama. Duk wanda babu hanyar da ta kai gare shi ya zama shara.

Sai dai sharar takan bar gurabe ƙanana a warwatse, waɗanda babban bayani ba zai shiga ba. Don haka akan kwashe bayanan da ke da amfani a haɗa su wuri guda. A nan haɗarin yake, domin tsohon adireshi ya tashi aiki. Maganin shi ne a bar sabon adireshi a tsohon gurbin, kamar ɗan kasuwar da ya sauya shago ya liƙa sanarwa a ƙofa, sannan a bi duk masu riƙe da tsohon a gyara musu.

A da, sai an tsayar da manhaja cak kafin a yi wannan ƙaura. Allon da ke sauya hoto sau 60 a daƙiƙa kuwa, tsaiko kaɗan ya isa a ga ya sarƙe. Daga Android 8.0 na 2017, ƙaurar na gudana manhaja tana aiki: a tsarin da aka fito da shi a wancan lokacin, duk sa'ad da za ta karanta adireshi, sai a duba ko bayanin ya tashi, a miƙa mata sabon.

Abin da tsarin ba ya taɓawa shi ne bayanin da manhaja ta gama da shi amma ta ci gaba da riƙe adireshinsa. Irin wannan ne ke sa manhaja ta yi ta nauyi. Manhajojin da ake tallatawa na share RAM ba sa iya shiga cikin wata manhaja su gyara hakan. Gyaran yana hannun masu manhajar, kuma ta sabuntawa yake isowa waya.