Koren Ruwa a Kududdufan Jos: Me Ke Cikinsa?

Daga Dutse Uku zuwa Lamingo, mutanen Jos sun saba da tafkunan da haƙar kuza ta bari, inda ake noman rani da wanki da shayar da dabbobi. Idan ruwan ya yi kore shar kamar an zuba fenti, akan ce gansakuka ce kawai. Sau da yawa ƙwayoyin sayanobakteriya ne, masu yaɗuwa a ruwan da ba ya gudu, idan rana ta dumama shi, takin zamani da kashin dabbobi kuma suka kwarara ciki.

Wasunsu na fitar da dafin maikurosistin mai lalata hanta, kuma tafasa ruwa ba ya kashe shi. A 1996, a garin Caruaru na Barazil, majinyata fiye da 50 masu wankin ƙoda sun mutu sanadiyyarsa. A 2020 hukumomin Botswana suka ɗora mutuwar giwaye sama da 300 a kan dafin waɗannan ƙwayoyi.

Makiyaya da iyaye su nisanta dabbobi da yara daga irin wannan ruwa.