'Yar Tsana a Ƙarƙashin Ruwa: Yadda Ake Gwada Idon Masu Ceto

A manyan wuraren wasan ruwa na Amurka, irin na Orlando a jihar Florida ko na Wisconsin Dells, akwai wani abu da kan tsinka zuciyar baƙo idan bai san da shi ba. Ana tsakiyar hayaniya, yara na sulu daga dogayen bututu, manya na kwance a kan tayoyin roba ruwa na tafiya da su, sai wani ma'aikaci ya ratso cikin jama'a da tawul naɗe a hammata. Ya faki ido ya saki abin da ke cikin tawul ɗin, abin ya nutse har ƙasa. Siffar ƙaramin yaro gare shi, da hannuwa da ƙafafu, amma roba ce zalla. Can gefe wani na riƙe da agogo. So ake a ga daƙiƙa nawa mai ceton da ke bakin ruwan zai ɗauka kafin ya hango, ya busa usur, ya faɗa ruwa ya ɗauko.

A wurare da dama ma'aikata har suna suka raɗa wa wannan 'yar tsana, suna ce mata Timmy. Iyaye kuwa sukan firgita, wasu har su yi faɗa su ce don me za a riƙa wasa da hankalin mutane. Amma masu wuraren suna da hujja. Sun daɗe da gane cewa iya ninkaya shi ne mafi sauƙi a aikin ceto. Saurayi mai ƙarfi zai iya ratsa tafkin wanka cikin ƙiftawar ido, to amma ƙarfin nasa ba shi da amfani idan bai ga wanda ke nutsewa ba.

Kuma ganin yana da wuya fiye da yadda ake zato, saboda finafinai sun koya mana ƙarya. A fim, mai nutsewa yana ihu, yana ɗaga hannu, yana fantsama ruwa. Wani mai ceto ɗan Amurka, Frank Pia, ya ɗauki hotunan bidiyo na mutanen da ruwa ya kusa ci a gaɓar Orchard Beach da ke birnin New York, kuma abin da ya nuna wa duniya tun shekarun 1970 ya saɓa da wannan. Wanda ruwa ya fi ƙarfinsa ba ya iya kira, domin ɗan lokacin da bakinsa ya leƙo sama bai ishe shi shaƙar iska ba ballantana magana. Ba ya iya ɗaga hannu, domin hannuwan suna ta danna ruwa a gefe da gefe ba da saninsa ba. Jikinsa a tsaye yake cikin ruwa, kansa ya ɗan karkata baya, ƙafafu ba sa wani motsin kirki. A lissafin Pia, tsakanin daƙiƙa 20 zuwa 60 yake yi a haka kafin ya tafi ƙasa. Yaro na iya nutsewa taku biyu daga mahaifiyarsa, ita kuwa tana zaton wasa yake. Daga nan sai ƙwaƙwalwa ta shiga haɗari, domin minti huɗu zuwa shida ba iska sun isa su fara yi mata lahanin da ba ya gyaruwa.

Wannan ƙarancin lokaci ne ya haifar da ƙa'idar da ake kira 10/20. Kamfanin Jeff Ellis & Associates, wanda aka kafa a jihar Texas a 1983, shi ya yaɗa ta. Ana yanka wa kowane mai ceto yankinsa na ruwa. Dole idonsa ya zagaye yankin gaba ɗaya, sama da tsakiya da ƙasan ruwa, cikin daƙiƙa 10, kuma ya iya isa ga duk wanda ke cikin matsala cikin daƙiƙa 20. Shi ya sa za ka ga masu ceto a irin waɗannan wurare kawunansu ba sa tsayawa, suna ta kai su dama da hagu, sama da ƙasa. Idan ka yi wa ɗayansu tambaya zai amsa maka ba tare da ya dube ka ba. Ba raini ba ne, haka aka umarce shi.

Kafa ƙa'ida abu ɗaya ne, cika ta wani abu ne daban. A 2001 kamfanin ya yi gwaji fiye da 500 a tafkunan wanka sama da 90 a Amurka, ana nutsar da mutum-mutumi ba tare da mai ceto ya sani ba. Matsakaicin lokacin da aka ɗauka kafin a hango shi minti 1 ne da daƙiƙa 14, kuma kashi 9 cikin 100 ne kawai suka gani cikin daƙiƙa 10. Waɗannan fa ba barci suke yi ba. Idonsu biyu, suna fuskantar ruwan.

To me ke faruwa? Masana halayyar ɗan Adam sun riga masu wasan ruwa sanin amsar. Norman Mackworth, wanda ya yi wa rundunar sojan saman Birtaniya bincike kan masu kallon na'urar rada, ya wallafa a 1948 cewa mutumin da aka sa ya zura wa abu ido yana jiran alamar da ba kasafai take zuwa ba, kaifin lurarsa yakan ragu sosai tun cikin rabin sa'ar farko. A 1999 kuma Daniel Simons da Christopher Chabris suka nuna wa mutane bidiyon 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga jifan. Wata mace ta ratso ta tsakiyar 'yan wasan sanye da kayan goggon biri, ta tsaya ta bugi ƙirji, amma kusan rabin masu kallon ba su gan ta ba sam. Ido yakan ga abin da zuciya ke tsammani ne. Mai ceton da ya yi wata uku a kujera ba abin da ya faru, zuciyarsa ta daina tsammanin komai, kuma sabo turken wawa ne. A ƙara da zafin rana, da ƙyallin da ke tashi daga fuskar ruwa, da taguwar ruwan da inji ke tayarwa a wasu tafkuna wadda kan ɓoye abin da ke ƙasa, sai ka ga aikin ya fi ƙarfin kyakkyawar niyya kawai.

Amfanin 'yar tsanar ke nan. Tana mayar da abin da ba a saba gani ba ya zama abin da ake tsammani kullum. Wani lokaci ma ba 'yar tsana ake sawa ba, wani baƙin shimfiɗi ne mai siffar inuwar mutum ake kwantarwa a ƙasan tafkin, domin haka wanda ya nutse yakan bayyana daga sama, kamar tabo ko datti. Wani lokaci kuma ma'aikaci ne zai shiga cikin masu wanka ya yi kamar ya suma. Sama da waɗannan akwai binciken ba-zata: masu bincike daga waje sukan sayi tikiti su shigo kamar kowa, su ɗauki bidiyon masu ceto a ɓoye, sai daga baya su bayyana kansu. Nan take za a kira wasu a ce su nuna yadda za su fito da wanda ya karye a wuya a kan allon ceto, yadda za su danna ƙirji su hura numfashi, yadda za su sa iskar oksijin da na'urar farfaɗo da bugun zuciya. Wanda ya faɗi gwajin akan sauke shi daga kujera a sake horar da shi, idan abin ya yi muni kuma ya rasa lasisinsa.

Akwai masu sukar tsarin, kuma maganarsu abin dubawa ce. Yawancin masu ceton nan matasa ne 'yan makaranta da ke aikin hutu, kuma idan tsoron kora ya yi yawa sai yaro ya koma farautar 'yar tsana da mai tawul, ya manta da mutanen da aka ajiye shi dominsu. A ganina wannan laifin yadda ake gudanar da gwajin ne, ba laifin gwajin ba. Wurin da ya san abin da yake yi, idan aka kasa ganin 'yar tsana a wani lungu sau biyu sau uku, kujerar zai fara tuhuma kafin mai zama a kanta. Wataƙila ginshiƙi ya tare wurin, ko rana na haske ido da la'asar, ko yankin ya yi wa mutum ɗaya faɗi. Shi ya sa ake sauya wa masu ceto wuri, galibi bayan minti 20 zuwa 30, kuma Tom Griffiths, wanda ya daɗe yana kula da harkar ninkaya a jami'ar Penn State, ya ba da shawarar kowane minti biyar mai ceto ya sauya tsayuwa da salon kallo, ya kuma ƙirga mutanen yankinsa. Wasu tafkunan sun ƙara da kyamarori masu kwamfuta, irin na Poseidon da aka ƙirƙira a Faransa, waɗanda ke yin ƙara idan jiki ya kwanta a ƙasa ba motsi. Duk da haka mutum ne zai shiga ya ɗauko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Mu ma yanzu wuraren wanka na otal-otal da wuraren shaƙatawa sun yawaita a Kano da Kaduna da Abuja, kuma ranakun Sallah cika suke maƙil da yara waɗanda akasarinsu ba su taɓa koyon ninkaya ba. Kafin ka biya kuɗin shiga, tsaya ka kalli wanda aka ce shi ne mai ceto na minti biyu. Idan waya ce a hannunsa, ko an aike shi ɗauko kujeru, ko ruwan ya yi duhun da ba ka ganin ƙasansa, to ka koma da yaranka gida. Idan kuwa kun shiga, a ware babba ɗaya wanda ba shi da aikin komai sai kallonsu, ƙananan kuma kada su wuce inda hannunsa zai kai.