Daren da kogin Teesta ya ci madatsarsa

Ruwan da ya gangaro daga tsauni da ƙarfinsa yake zuwa. A tare shi, a bi da shi ta ramin da aka haƙa cikin dutse ya faɗa wa injin, wutar lantarki ta samu. Da wannan lissafi aka gina madatsar da ake kira Teesta III a kan kogin Teesta, a garin Chungthang na jihar Sikkim ta Indiya. Ta fara aiki a 2017, tana ba da megawat 1,200.

Can sama a tsaunukan Himalaya, kimanin mita 5,200 bisa teku, akwai tafkin Lhonak na Kudu. Ƙanƙara ce ta narke ta taru, ba abin da ya tokare ta sai tulin tsakuwa da ƙasa da sanyi ya daskarar. Duniya na ɗumama, tafkin na cika, tulin na saki. A daren 3 ga Oktoba 2023, wayewar 4, gefen tulin ya zabtare cikin tafkin. Ruwa ya yi ambaliya, ya kwaso laka da manyan duwatsu da itatuwa, ya iso Chungthang da tsakar dare. Kafin ma'aikata su gama buɗe ƙofofi, madatsa mai tsayin mita 60 ta tafi. Gadoji suka karye, babbar hanyar jihar ta yanke, mutane da dama suka mutu, sojoji 23 suka ɓata a daren.

Abin da ke ci mini rai shi ne an sani. Masana sun daɗe suna nuna tafkin da yatsa, har a 2016 aka hau da bututu don rage ruwansa. 'Yan ƙabilar Lepcha kuwa, waɗanda kwarin nan ƙasar kakanninsu ce, tun 2007 suka yi yajin cin abinci a Gangtok, babban birnin jihar, kan jerin madatsun Teesta.

Sai maganar kuɗi. Da rance aka yi ginin, gwamnatin Sikkim ce ke riƙe da kaso mafi tsoka a lokacin ambaliyar, kuma mai bin bashi ba ruwansa da ko injin na juyawa.

A Janairun 2025 kwamitin ƙwararru na ma'aikatar muhalli ta Indiya ya amince a sake gini a wurin, na kankare zalla, mai tsayin mita 118. Ni dai da za a tambaye ni, sai a fara da kafa na'urorin gargaɗi a bakin tafkin kafin a zuba siminti ko buhu ɗaya.