Tsagewar Bango da Dokar Gini: Yadda Ake Gane Gidan da Ya Fara Gazawa

Kowane gida, na ƙasa ne ko na siminti, a tsaye yake saboda nauyinsa ya sami hanyar sauka: rufi yana ɗora nauyinsa a kan bango ko ginshiƙai, su kuma su miƙa shi ga harsashi, harsashi ya shimfiɗa shi a kan ƙasar da aka yi ginin a kanta. Idan wata gaɓa a wannan jeri ta raunana, to matsalar ta taɓa ƙashin ginin, kuma ta bambanta da ɓarewar fenti ko zubewar yaɓe, waɗanda muni kawai suke jawowa. Rarrabe waɗannan biyu shi ne aikin farko na mai binciken gini, domin gida ba kasafai yake faɗuwa ba tare da ya yi watanni, wani lokaci shekaru, yana nuna alama ba.

Alamar da ta fi bayyana ita ce tsagewa, kuma abu uku ake dubawa a jikinta: faɗinta, inda ta dosa, da kuma ko tana ƙaruwa. Cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya ta kasa tsagewa bisa faɗi, injiniyoyi a ƙasashe da dama kuma suna aiki da wannan ma'auni. Wadda ba ta wuce milimita 5 ba galibi ta kwalliya ce, ana cike ta a wuce. Daga 5 zuwa 25 ƙofofi da tagogi sukan fara cijewa, ruwa ya sami hanyar shiga, gyaran kuma ya zama na gaske. Wadda ta haura milimita 25, wato kusan faɗin babban yatsa, tana iya nufin ginin ya rasa daidaitonsa. Amma faɗi shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Siririyar tsagewa da ke buɗewa kowane wata ta fi hatsari a kan babba da ta tsaya cak shekara goma, shi ya sa ake ɗana mata shaida: a manna siririn gilashi ko ɗan farin siminti a gicciye, a rubuta kwanan wata, idan shaidar ta dare an san bangon yana motsi.

Inda tsagewa ta dosa shi ne ke nuna tushen cutar. Ƙananan tsage masu kama da saƙar gizo a fuskar filasta sukan fito ne saboda yaɓen ya bushe da gaggawa, musamman a lokacin hunturu. Wadda kuwa ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tana bin layin bulo hawa-hawa kamar matakala, kuma ana ganinta ciki da waje a wuri guda, tana nuna cewa wani ɓangare na harsashi ya nutse fiye da sauran. A nan ƙasa ce abar tuhuma. A tsofaffin birane irin Kano, kududdufai da yawa da aka haƙa don ɗebo ƙasar gini an cike su da shara an yanka filaye a kansu, alhali shara tana ruɓewa tana lotsawa shekara da shekaru. A wasu sassan Borno, Gombe da Adamawa kuma akwai baƙar laka mai kumbura da damina, ta tsuke ta dare da rani, tana ɗaga harsashi tana sauke shi har bango ya gaji. Ko a ƙasa mai kyau ma, bututun da ke yoyo, ko ramin masai da aka haƙa dab da bango, ko ruwan indararo da ke zuba a gindin gini, suna jiƙa ƙasa su rage mata ƙarfin ɗauka.

Gidan bene yana da nasa ciwon, wanda ke ɓoye a cikin kankare. Kankare yana jure danniya amma ba ya jure ja, saboda haka ake saka masa rodi ya ɗauki jan, shi kuma ya lulluɓe rodin ya kare shi daga ruwa da iska. Idan lulluɓin ya yi siriri, ko aka kwaɓa da ruwa fiye da kima don aiki ya yi sauƙi, ko yashin yana da laka, danshi yakan isa ga ƙarfen ya yi tsatsa, tsatsa kuma tana cin wuri ninkin ƙarfen da ta fito daga gare shi, sai ta tura kankaren ya fashe. Jan tabo a ƙarƙashin dakin (wato rufin kankare), tsagewa mai bin tsawon ginshiƙi, ɓallewar kankare har rodi ya fito fili, da dakin da ya lanƙwasa a tsakiya, duk alamu ne da ba a jira da su. Yawancinsu a makon zuba kankare aka shuka su, domin ana auna ƙarfin kankare ne bayan kwana 28, kuma yana bukatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda. Magini mai gaggawar cire katakon tokara don ya kai shi wani aiki ya riga ya cuci ginin tun kafin a shafa masa fenti.

A gidan ƙasa bincike ya fi sauƙi: a duba gindin bango ko ruwa ya zaizaye shi, a ƙwanƙwasa azara a ji ko gara ta cinye cikinta, a hau soro kafin damina a gyara indararo. Abin da ke yaudarar mutane shi ne yaɓen siminti a kan tubali, wanda ke riƙe danshi a ciki, bango ya jiƙe ya ruɓe alhali fuskarsa sumul.

Idan ido ya gama nasa, injiniya yana da kayan aiki. Akwai gudumar gwaji da wani injiniya ɗan Suwizalan, Ernst Schmidt, ya ƙirƙiro, wadda ke bugun kankare a karanta yadda ta yi tsalle a kimanta taurinsa. Akwai na'urar da ke gano inda rodi yake da zurfinsa ba tare da fasa komai ba. Idan shakka ta rage, a huda a ciro ɗan guntun kankare a matse shi a ɗakin gwaji, ko a haƙa rami a gefen bango a ga harsashin ido da ido. Wannan kuɗi ne da masu gida da yawa ke ƙyashin kashewa, su gwammace kiran birkila ya shafe tsagewar da siminti, wanda hakan rufe shaida ne kawai, kuma ya fi muni idan an yi shi don a sayar da gidan ko a zuba masu haya.

Dokar gini an yi ta ne don kada a kai ga wannan matsayi. Nijeriya ta fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa a 2006, sai dai tun a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, don haka kundin ba ya da haƙori sai inda jiha ta mayar da shi dokarta. Hukumomi irin KNUPDA a Kano da LASBCA a Legas su ne ke da alhakin sa ido, yayin da COREN ke rajistar injiniyoyi, ARCON masu zanen gini, CORBON kuma ƙwararrun magina. Ruhin ƙa'idar ba a takardar izini yake ba, a duba aiki mataki-mataki yake: a ga ramin harsashi kafin a cike shi, a ƙirga rodi a auna kaurinsa kafin a zuba kankare, domin da zarar an rufe, kuskure ya shige inda ido ba ya kaiwa. Misali, benen Ikoyi a Legas da ya rushe ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya hallaka fiye da mutum 40, hukumar Legas ta ce izinin hawa 15 aka ba shi, aka kai shi 21.

Irin wannan ƙarin yana faruwa kullum a ƙananan gidaje ba tare da jarida ta ji ba. Mutum ya gina gida ƙasa-ƙasa, hali ya samu, sai ya aza bene a kan harsashin da ba a yi shi don haka ba. Ko ya fasa bangon da ke bakin titi ya fitar da shaguna, alhali bangon ne ke ɗauke da rufin. Ko ya ɗora tankin ruwa mai lita 2,000, wato nauyin tan 2, a kan dakin da ba a lissafa da shi ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar sabon lissafin injiniya da sabon izini, kuma mai sayen gida ko mai kama haya yana da damar tambayar zanen da aka amince da shi ya gwada da abin da ke tsaye. Inda kuwa aka ji bango yana ƙara, ko yashi yana zubowa daga tsagewa, ko ƙofar da ke rufuwa jiya ta ƙi rufuwa yau, to a fitar da iyali tukuna, sannan a nemi injiniya.