Ba aljanu ke shan jini a hanyar Kalgo ba

Duk ƙarshen shekara, da zarar haɗura sun yawaita, sai zance ya tashi a tasha da majalisu cewa wuri kaza a kan hanya yana da aljanu masu shan jini. Gaskiya ne akwai wuraren da motoci ke yawan kifewa, amma dalilinsu a fili yake ga wanda ya auna.

Masana harkar hanya ba sa ɗaukar titi a dunƙule. Yanka shi suke yi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da halinta. Ɗauki hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega. Mararrabar Kalgo, inda hanyar Bunza da Kamba ta rabu, gaɓa ce guda: tireloli na juyawa, 'yan kabu-kabu na tsallakawa, masu talla na bakin kwalta. Miƙaƙƙen titin daji, inda direba ke take mota son ransa, wata gaɓa ce daban. Haka mashigar gari ranar kasuwa. Dokar hanya ma ta bambanta su: ƙaramar mota kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya.

Manomin shinkafa a fadama ya san kusurwar da ruwa ke kwanciya da wadda ke bushewa, ba ya yi wa gona duka magani ɗaya. Haka hanya take, sai an ƙirga haɗuran kowace gaɓa daban. Sai dai ƙirga haɗura kaɗai bai isa ba, dole a haɗa da yawan motocin da ke bi. Gaɓar da motoci kaɗan ke bi amma ake yawan mutuwa ta fi mai cunkoso haɗari, ko da adadin haɗuransu ya zo ɗaya.

A nan muke da rauni. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa tun 1988, amma haɗarin da ba a kai mata rahoto ba, bai shiga lissafi ba. Mukan yi jana'iza, mu yi ta'aziyya, matasa su gina tudun rage gudu inda suka ga dama, babu alama babu fenti, shi ma ya zama tarko da dare.

Ya kamata hukuma ta riƙa rubuta daidai inda kowane haɗari ya faru, ta bayyana wa jama'a gaɓoɓin da suka fi cin rai, sannan kuɗin gyara ya fara daga can.