Yadda Ake Renon Bogenbiliya a Matsayin Bonsai

Gabatarwa

Bonsai hanya ce ta renon itace a cikin ƙaramin kasko, ta yadda zai tsufa ya yi siffar babbar bishiya alhali tsayinsa bai wuce kamu biyu ko uku ba. Sana'ar ta samo asali ne daga ƙasar Sin, mutanen Japan suka inganta ta. Bogenbiliya kuwa, wato fulawar nan mai ƙaya da ke bin katangun gidaje da ofisoshi, asalinta daga Kudancin Amurka ne. Ta dace da wannan aiki domin reshenta yana yin saiwa ba wuya, tana jure aski, kuma tana son rana irin tamu. Masu sayar da dashen fulawa za su iya ƙara samun kuɗi da ita, amma aikin yana ɗaukar shekaru.

Zaɓen reshe da dasawa

A farkon damina, a yanko reshe wanda ya ƙosa, mai tsawon santimita 15 zuwa 20, kaurinsa kada ya gaza na fensir. An fi son mai kauri da ɗan karkata, domin shi ne zai zama gangar bishiyar. A cire ganyen ƙasa, a kafa shi cikin haɗin yashi kashi 2 da ruɓaɓɓen takin gargajiya kashi 1, a ajiye a inuwa. Saiwa kan fito cikin mako 4 zuwa 8. Kada a tumɓuke reshen don dubawa. Saiwar bogenbiliya siririya ce, saurin tsinkewa gare ta, kuma nan ne masu koyo suka fi yin asara.

Gyaran siffa

A bar dashen ya yi kamar shekara guda a babbar tukunya har gangarsa ta yi kauri, sannan a mayar da shi kasko marar zurfi mai huda a gindi. A zaɓi rassa 3 zuwa 5 da za a bari, a yanke sauran. Ana lanƙwasa reshe da wayar alminiyam tun yana ɗanye, domin in ya tsufa karyewa yake yi. A riƙa duba wayar, a warware ta kafin ta nutse cikin ɓawo, in ba haka ba tabon zai daɗe. Aski ya fi kyau bayan fure ya zuba, saboda a kan sabon toho take yin fure.

Ruwa, rana da taki

A ajiye kaskon inda zai sami rana ta awa 6 ko fiye a yini. Kada a ba da ruwa sai saman ƙasar ya bushe. Yawan ruwa yana ruɓar da saiwa, yawan takin yuriya kuma ganye kawai yake kawowa. Malaman gona su jaddada wa manoma wannan, musamman a kudancin ƙasar nan inda damina take da tsawo. Can ya kamata a ɗora kasko a kan bulo domin ruwa ya tsiyaye. Bayan shekara 2 ko 3 a sauya ƙasar kaskon, a rage saiwa kaɗan da wuƙa mai kaifi.